Yadda Na Magance Murɗewar Tsoka a Tafiyar Ƙasa Daga Daura Zuwa Mai'aduwa

Na ƙudiri bin hanyar rairayin da ke arewa da Daura da ƙafa domin tunawa da yayana, Allah Ya jiƙansa, wanda ya sha kora dabbobi ta nan zuwa kasuwar Mai'aduwa. Matsalar da ta tare ni tun a gwajin farko ita ce murɗewar sha-raɓa da jiri, duk da cewa ina shan ruwa sosai.

Dalilin shi ne gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishirin jiki, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin yankin kan wuce digiri 40, ruwa zalla ba ya mayar da abin da ya zube. Sai na koma ga haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ina kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama ni. Jarkar kuwa na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara, saboda iskar da ke busar da buhun ita ce ke sanyaya ruwan.

Na kuma sauya lokaci, wanda a ganina ya fi komai amfani. Nakan tashi bayan sallar Asuba, in tsaya a inuwar gawo ko aduwa da hantsi ya yi, ba na ci gaba sai bayan La'asar. Da wannan tsari na isa Mai'aduwa ba tare da tsoka ta sake riƙe ni ba, na yi wa yayana addu'a a bakin kasuwar.