Kurakuran da aka fi yi wajen ziyartar Kosta Rika da damina

Damina a Kosta Rika, ƙasar da ke tsakanin Nikaraguwa da Panama a Amurka ta Tsakiya, tana farawa ne a watan Mayu, ta kai tsakiyar Nuwamba. Mutanen ƙasar suna kiran wannan lokaci hunturu da harshen Sifaniyanci, ko da yake babu wani sanyin kirki a cikinsa, yayin da kamfanonin yawon buɗe ido suka raɗa masa suna koren yanayi don kada baƙi su tsorata. Kuɗin masauki yana sauka, cunkoso yana raguwa, daji kuma yana yin kore shar. Sai dai baƙi da yawa suna komawa gida da ƙorafi, kuma idan aka bi diddigi, akasarin ƙorafin yana fitowa ne daga kuskure guda: ɗaukar ƙasar tamkar yanayinta iri ɗaya ne daga wannan gaɓa zuwa waccan, daga safe har dare.

Jerin tsaunuka ne ya raba ƙasar biyu, kuma kowane ɓangare yana da nasa lissafin. A ɓangaren tekun Fasifik da kwarin da babban birni San José yake ciki, Satumba da Oktoba ne watannin da ruwa ya fi tsananta. A daidai waɗannan watanni kuwa, gaɓar tekun Karebiyan, inda garuruwan Cahuita da Puerto Viejo suke, takan samu sassauci, rana ta fito, teku ya kwanta. Wanda hutunsa ya faɗo a Oktoba, ya kuma kama masauki na mako guda a tsibiri mai haɗe da tudu na Osa da ke kudancin gaɓar Fasifik, inda ruwan shekara yake haura milimita 4,000, zai shafe mafi yawan lokacinsa a zaure yana kallon sama, ballantana ma tashar masu gadin daji ta Sirena da ke cikin gandun dajin Corcovado na can Osa takan kasance a rufe a wannan wata. Gyaran abin shi ne a fara zaɓar wata, sannan a bar watan ya zaɓi gaɓa. Mai tafiya a Yuni ko Yuli zai fi jin daɗin lardin Guanacaste a arewa maso yamma, wanda shi ne mafi ƙarancin ruwa, kuma a tsakanin ƙarshen Yuni da Yuli akan samu ɗan tsaiko na ruwa da mutanen ƙasar ke kira veranillo, wato ƙaramin rani. Ba kowace shekara yake zuwa da tsawo ɗaya ba, saboda haka a ɗauke shi a matsayin riba idan ya zo.

Kuskure na biyu ya shafi agogo, kuma a ganina shi ya fi cinye wa baƙi kwanaki. Manhajar hasashen yanayi a waya takan nuna alamar hadari a kowace rana ta mako, sai mutum ya karaya ya soke shirinsa, alhali abin da ya fi faruwa shi ne gari ya waye garau, rana ta yi zafi har hantsi ya ɗaga, hadari ya fara haɗuwa da azahar, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya wajen la'asar. Gari yana wayewa tun kafin ƙarfe shida, duhu kuma yana rufawa wajen ƙarfe shida na yamma kusan duk shekara. Wanda ya saba barcin safe saboda yana hutu, ya fito ƙarfe goma sha ɗaya, ya riga ya yi asarar mafi kyawun ranarsa. Ramin dutsen Poás mai aman wuta misali ne bayyananne, domin gajimare yakan lulluɓe shi tun kafin rana ta take, wanda ya makara kuwa farin hazo kawai zai ɗauka a hoto. Haka kogin Celeste na gandun Tenorio, wanda ake zuwa gani saboda shuɗin ruwansa, yakan koma launin laka bayan ruwa mai ƙarfi. Duk abin da ake yi a waje a sa shi da sassafe, a bar cin abinci da kasuwa da gidan tarihi zuwa yamma. Gandun Manuel Antonio kuma ba ya buɗewa ranar Talata, tikitinsa ta intanet ake saye tun kafin a iso ƙofa.

Batun hanya yana buƙatar a tsaya a kansa. Ƙasar ƙarama ce a taswira, wannan ne yake yaudarar mutane su tsara garuruwa biyar a kwana bakwai. Hanya mai lamba 32, wadda ta tashi daga San José ta ratsa gandun Braulio Carrillo zuwa birnin Limón na gaɓar Karebiyan, hukuma takan rufe ta sau da yawa saboda zaftarewar ƙasa, wani lokaci ma tun kafin ƙasar ta zafto idan an ga ruwa ya yi yawa. Babbar hanyar kudu tana hawa tsaunin Cerro de la Muerte, sama da mita 3,000, inda hazo yake hana direba ganin abin da ke gabansa da yamma. Bai kamata a bar doguwar tafiya zuwa ranar da jirgi zai tashi ba. A kwana kusa da filin jirgin Juan Santamaría da ke Alajuela a daren ƙarshe. Wanda ya yi hayar mota mai ja da ƙafa huɗu kuma kada ya ɗauka ta zama kwale-kwale, domin a yankunan Nicoya da Osa na gaɓar Fasifik akwai hanyoyin da suke ratsa cikin rafi ba gada, inshorar motar haya kuwa galibi ba ta biyan ɓarnar da ruwa ya yi wa inji. Idan ba a ga motar ɗan gari ta ƙetare ba, a juya.

Rafi yana da wani haɗarin da baƙo ba ya zato. Ruwan da ya sauka can kan tsauni yana iya gangarowa farat ɗaya alhali sama tana garau a inda ake wanka. Idan ruwa ya canza launi, ko aka ga ganye da rassa suna tahowa, a fita nan take.

Wajen haɗa kaya, rigar ruwa mai kauri takan zama azaba a bakin teku saboda zafi da danshi, wandon jins kuma zai yi kwana uku bai bushe ba har ya fara fumfuna. Tufafi marasa nauyi, takalmi na biyu, da jaka mai hana ruwa don fasfo da waya sun fi amfani, tare da rigar sanyi guda saboda Monteverde da sauran tuddai, inda dare yake da sanyi sosai. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi yana ƙaruwa da damina, kuma da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai ba ya wadatarwa sai an haɗa da man shafawa mai korar sauro. Matafiyin da ya taso daga Najeriya, Gana ko Kamaru ya tabbata yana riƙe da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda aka yi masa allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, domin ana iya tambayarsa tun a wurin shiga jirgi.

Akwai kuma masu janye tafiyar gaba ɗaya saboda tsoron mahaukaciyar guguwa. Ba kasafai take afka wa ƙasar kai tsaye ba, ko da yake wata mai suna Otto ta yi ɓarna a arewa a Nuwamban 2016, Nate kuma ta jawo ambaliya a Oktoban 2017, duka a ƙarshen damina. Wanda ya janye zai rasa fitowar kunkurun teku zuwa yin ƙwai a Tortuguero da ke gaɓar Karebiyan tsakanin Yuli da Oktoba, wurin da ba a isa sai ta jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama, kuma sai da ɗan jagora mai lasisi ake shiga gaɓar da dare.