Yadda Mai Nazarin Al'adu Zai Isar da Bincikensa ga Jama'a ta Hoto da Bidiyo

Kafin mai nazarin al'adun ɗan Adam ya ɗora hoto ko bidiyo a intanet, wajibi ne ya koma wurin mutanen da ya zauna da su, ya bayyana musu waɗanda za su gani, domin amincewar da suka bayar don rubuta kundin bincike ba ta haɗa da YouTube ko Facebook ba, inda abin da aka saki yake da wuyar janyewa. Masanin nan Bafaranshe, Jean Rouch, yakan nuna wa mutanen da ya ɗauka a Nijar hotunansu, ya saurari gyaransu, kuma wannan hanya ta cancanci a bi ta har yau.

Bayan haka, a zaɓi tambaya guda, a gina gajeren bidiyo a kanta. A bar masu al'adar su yi magana da bakinsu, a rubuta fassara a ƙasan allo, kada muryar masani ta danne tasu. Idan bayyana mutum zai cutar da shi, a ɓoye fuskarsa da sunansa, a kuma goge bayanan wuri da waya ke liƙa wa hoto.