Ka ƙara kuɗin faiba amma murya na ci gaba da yankewa: kurakuran da na gaji da gani

A makon nan kaɗai mutum uku suka kira ni da kuka iri ɗaya: sun ja faiba, wato intanet mai zuwa ta zaren gilashi, zuwa gida, sun biya kuɗi mai tsoka, amma sabis ba ya gudu. Biyu daga cikinsu har sun riga sun ƙara kuɗi zuwa tsari na gaba kafin su neme ni. Da na je na duba, babu ko ɗaya da matsalarsa take cikin yawan megabit ɗin da ya saya. Ba zan yi musu dariya ba, don ramin da suka faɗa ni na fara auna zurfinsa, kuma da aljihuna na auna.

Lokacin da na fara aiki daga gida a nan Kano, rabin abincina yana kan kiran bidiyo ne. Layina 20 Mbps ne, wato megabit 20 a sakan. Sai a tsakiyar magana murya ta tsinke, fuskar mutum ta daskare baki a buɗe, in yi ta "kana ji na? kana ji na?" kamar mai neman ɓataccen yaro a kasuwa. Na ce layi ne ya yi kaɗan, na koma 50. Babu canji. Na ƙara cije baki na koma 100. Wata shida ina biyan wannan kuɗi, kuma a cikin watannin ne wani aiki da na daɗe ina nema ya suɓuce mini, bayan an kira ni sau biyu ba a fahimci abin da nake faɗa ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, musamman da na gano cewa kiran bidiyo ba ya cin abin da ya wuce megabit 3 zuwa 4. Tun layin farko ya ishe ni har da saura.

Abin da ban sani ba shi ne faɗin hanya daban, jinkiri daban. Megabit faɗin titi ne: motoci nawa za su jeru su wuce a lokaci guda. Jinkiri kuwa, wanda ake aunawa da ping a milisakan, shi ne tsawon lokacin da saƙo ɗaya zai je ya dawo. Ko an mayar da titin Kano zuwa Legas layi goma, nisan yana nan yadda yake. Sauke fim yana son faɗi. Kira, wasan gem da cinikin da ke son hannu mai sauri, jinkiri suke kallo.

Ranar da asiri ya tonu, wata Asabar ce da dare. Na buɗe baƙin allon umarni na kwamfuta, na rubuta ping 8.8.8.8 -t, na bar shi yana zuba lambobin jinkiri a milisakan: 31, 29, 33, 30. Sai ƙanwata ta shigo daga gidan biki, wayarta ta kama Wi-Fi, kawai na ga 640, 910, 1200. Na ce, "Ke, me kike saukewa?" Ta ce, "Wallahi Yaya ko taɓa wayar ban yi ba." Gaskiya ta faɗa. Wayar ce da kanta take loda bidiyoyin kamu da na ɗaurin aure zuwa Google Photos. Ta kashe, lambobi suka koma 30 nan take.

Ku tuna layin injin niƙa. Yarinya ta zo da ɗan kwanon markaɗen kayan miya, ta tarar da mai buhu biyu na masara a gabanta. Aikinta na minti ɗaya ne, amma sai an gama da buhunan. Haka rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, take yi in mai araha ce: tana tara kaya a dogon layi, muryarka, wadda ƴar mitsitsiya ce, ta tsaya a bayan bidiyon biki. Masana sun sa wa cutar suna bufferbloat, kuma ta fi kamawa a ɓangaren lodawa, wanda a tsare-tsare da yawa ya fi na saukewa ƙanƙanta, kuma babu mai kallonsa ranar biyan kuɗi. Maganina shi ne rawuta mai SQM, wato mai injin da ya san ya kamata, wanda zai ce wa mai buhu ɗan dakata a sallami yarinya. Ni manhajar rawuta mai suna OpenWrt na ɗora wa tawa, na zaɓi nau'in SQM da ake kira CAKE, na ƙayyade gudun a kashi 85 cikin 100 na abin da layin ke bayarwa. Wasu na cewa 95 ya isa, ina asarar gudu a banza. Su je su yi. Na koma tsarin 50, kuma tun daga ranar ban sake tambayar kowa ko yana ji na ba.

Saboda haka, don Allah, ku daina turo mini hoton Speedtest, manhajar auna gudun intanet, a matsayin hujja. Yawanci sabar da ta fi kusa da kai yake zaɓa, wato kwamfutar da ke amsa maka daga can, wani lokaci ma tana cikin ginin kamfanin da ya ba ka layin. Ka auna daga ɗakinka zuwa zaure, ka ce ka san nisan Makka. In za ka gwada, sa kebul, kashe sauran na'urori, gwada da safe, ka sake gwadawa wajen ƙarfe tara na dare, sannan ka kalli ping ɗin da yake nunawa a lokacin da ake lodawa, ba babbar lambar da ke tsakiya kawai ba. Na ce tara na dare ne domin faibar gida ta tarayya ce. A tsarin GPON, zare ɗaya mai ɗaukar kusan gigabit 2.5 ake rabawa gidaje 32 ko 64, kuma bayan Isha'i kowa ya zauna kallo.

Kuskure na biyu da ke ɗaga mini hankali shi ne zagin kamfani kan abin da ko Sarkin Kano ne ya saya ba zai canza ba. Haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kilomita kusan 200,000 a sakan. Lissafin mai sauƙi ne: kowane kilomita 100 yana cin milisakan 1, zuwa da dawowa. Kano zuwa Legas ta hanya wajen kilomita 1,000 ne, ka ga 10 sun tafi tun kafin a ga teku. Kebul ɗin Glo-1 da ya tashi daga Legas zuwa Ingila tsawonsa kilomita 9,800 ne, kusan milisakan 100 ke nan. Yaron da ke buga gem a sabar Turai yana ganin 120 ko 130, yana dukan tebur yana cewa a saya masa gigabit, ba da kamfani yake faɗa ba, da nisan duniya yake yi.

Inda kamfani ke da laifi shi ne hanyar da ya bi da kai. Na taɓa gwada tura fayil zuwa kwamfutar wani abokina da ke unguwar da ko a ƙafa zan iya zuwa, amma layinsa na wani kamfani ne daban. Ping ya haura 200. Na buga tracert, umarnin da ke nuna tashoshin da saƙo ya ratsa, na bi sunayen tashoshin ɗaya bayan ɗaya, sai ga "lon" a tsakiya. Saƙona ya je Landan ya sha iska ya dawo kafin ya tsallaka titi. Dalili shi ne kamfanonin biyu ba su haɗa hanya a cikin gida ba. Don maganin irin wannan aka kafa IXPN a 2006, mahaɗar da kamfanoni ke musayar kaya a cikin Najeriya ba sai an fita waje ba. Al'adata yanzu, kafin in ba wa kowa shawarar kamfani, sai na shiga gidan maƙwabcin da ke amfani da shi da kwamfutata, na roƙi minti goma, na gwada wuraren da mai gidan zai riƙa shiga. Gani ya kori ji. Kuma in ka ga taurari a wani layi na tracert kada ka ɗaga murya, tashoshi da yawa ba sa amsa irin wannan sallama ne kawai. Lambar ƙarshe ce abin dubawa.

A ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, ACE da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har manhajojin banki suka riƙa ƙin buɗewa, kun san me mutanena suka yi? Suka ɗauki tsinken sakace suka danna ɗan ramin reset da ke bayan akwatin da kamfani ya sa musu a gida. Haba jama'a! Wannan ramin yana iya share suna da kalmar sirrin da kamfani ya saka, sai ka wayi gari teku ta gyaru kai kana zaune kana jiran ma'aikaci. Kashe ka kunna, wannan babu laifi. Tsinke kuwa a bar shi wa haƙori.

Sai kuma kebul. Wani Alhaji ya sayi 200 Mbps, kullum 94 yake gani, ba ƙari ba ragi. Duk inda ka ga lamba ta maƙale a 90 da ƴan kai, akwai abin da ya tsaya a 100 a hanya. Na zare kebul ɗin da ya haɗa akwatin kamfani da rawutarsa, na ɗaga kan a hasken taga: wayoyi huɗu ne a ciki maimakon takwas. Gigabit sai da duka takwas. Na ce, "Alhaji, wannan igiyar ce ta cinye maka rabin kuɗinka." Muka sa kebul nau'in Cat6 na jan ƙarfe zalla, magana ta ƙare. Araha ba ta ado. Ku duba ramukan rawutar ma, tsofaffi da yawa 10/100 ne, ba sa wuce megabit 100.

Siririyar igiyar nan ruwan ɗorawa da ke shiga akwatin, gilashi ne a cikinta, ba wayar rediyo ba ce. Na ga wadda aka naɗe tamau aka ɗaure da roba don ɗaki ya yi kyau, na ga wadda ƙafar kujera ta danne. In za a naɗe, a yi da'ira mai faɗin bakin kofi ko fiye. Kada a sa igiya mai koren kai a rami mai shuɗi. Jar fitilar LOS na nufin haske bai iso ba, kira kamfani. In ka iya shiga shafin akwatin, ƙarfin hasken da ya gangara ƙasa da -27 dBm ya kai bakin rami. Kuma kada ka kuskura ka leƙa bakin zaren da ido, hasken ba ya ganuwa amma yana illa.

Rawuta a bayan talabijin, ko a cikin durowa don kada yara su taɓa, sannan a yi ƙorafin sabis ba ya kai ɗakin uwargida: ginin bulo da kankare mai rodi ba ya wasa da Wi-Fi, musamman 5 GHz. A ɗaga ta sama a tsakiyar gida. Ƴan na'urorin ƙara zango da ake soka wa a soket ni ba na sayensu, gudun suke rabawa biyu. Kebul nake ja in kafa wata rawutar.

Ƙananan kuma ga su a gurguje. Bit 8 ke yin bayit 1, don haka layin 100 Mbps zai nuna maka megabayit 12 da ɗoriya a sakan wajen sauke fayil, babu wanda ya cuce ka. Canza DNS, mai nemo wa na'urarka adireshin shafuka, zuwa 1.1.1.1 na iya sa shafi ya fara buɗewa da wuri, amma ba ya ƙara megabit ko ɗaya. VPN na kyauta zagaye yake ƙara maka. In kyamarar tsaronka ta ƙi buɗuwa daga waje, duba adireshin da kamfani ya ba ka. In farkonsa ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, kana bayan CGNAT ne, wato kai da wasu gidaje adireshi ɗaya kuke rabawa, sai ka nemi adireshi naka na kanka. Ƙaramin batir mai 12V zai hana akwatin mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Da damina kuma, tsawa ba ta bin gilashi, ta soket da kebul take shigowa.

In ka share duk waɗannan matsalar tana nan, to yanzu ka kira kamfani, amma ba da "sabis ba ya yi" ba. Faɗa musu ka gwada da kebul, ga sa'o'in, ga hoton ping da tracert na kwana uku, kuma ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta. In sun yi maka kunnen uwar shegu, layin ƙorafi na hukumar sadarwa, NCC, 622 ne, kuma lambar ƙorafin da kamfani ya ba ka za su fara tambayarka.