Yadda Ake Neman Bizar Hutu da Aiki ta Ostireliya Karo na Biyu da na Uku Ba Tare da an Ƙi Ka Ba

Kafin komai, ɗauko fasfonka ka duba. Idan na Najeriya ne, ko Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan, wannan bizar ba taka ba ce, domin babu ko ɗaya cikin ƙasashen nan da ke cikin jerin da Ostireliya ta ƙulla wannan yarjejeniya da su. Duk ejan ɗin da ya ce ka kawo kuɗi zai samo maka ita da koren fasfo, cin kuɗinka kawai zai yi. Wannan bayani na 'yan'uwanmu ne da 'ya'yansu masu fasfon Birtaniya, Ayalan, Kanada, Faransa, Jamus ko Italiya, waɗanda ke neman biza mai lamba 417, da masu fasfon Amurka, Turkiyya ko Malesiya, waɗanda tasu ita ce mai lamba 462. Ba zan tsaya kan yadda ake buɗe ImmiAccount, wato asusun intanet da ake neman bizar Ostireliya ta cikinsa, ko cike fam ba, wanda ya samu ta farko ya san wannan. Inda nake ganin yara suna faɗuwa shi ne karo na biyu.

Mataki na farko: ka san iyakarka

Sau uku kacal ake samun bizar a rayuwa, kowace biza tsawon shekara ɗaya. Ta farko ana ba wanda bai taɓa shiga Ostireliya da 417 ko 462 ba, kuma mutum ake dubawa, ba littafin fasfo ba. Wanda ya yi shekararsa da fasfon Jamus, daga baya ya samu na wata ƙasa, ba zai dawo a matsayin sabon shiga ba. Na ga mai fasfo biyu da aka ba shi shawarar ya amsa "a'a" a tambayar ko ya taɓa riƙe irin wannan biza. Sunansa ɗaya, ranar haihuwarsa ɗaya, fuskarsa ɗaya a kwamfutarsu. Bai samu ba, kuma ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙin biza muni.

Sai shekaru. Daga 18 zuwa 30 ne, wato dole ka shigar da takardarka kafin ranar da za ka cika 31. Masu fasfon Birtaniya, Ayalan, Kanada, Faransa, Italiya da Denmak an ɗaga musu zuwa 35. Wannan iyaka tana aiki a kan kowace nema, har ta biyu da ta uku. Kuma ka tuna agogon Ostireliya yana gaban na Landan da na Kano da sa'o'i masu yawa, kada ka bari sai daren jajiberin ranar haihuwarka. Ka shigar saura wata guda.

Mai fasfon Birtaniya ya huta da wahalar da zan yi bayani a ƙasa. Tun 1 ga Yulin 2024 yana iya samun ta biyu da ta uku ba tare da aikin gona ba. Amma iyakar sau uku da ta shekaru suna nan a kansa. Sauran kowa sai ya yi aikin.

Mataki na biyu: ka zaɓi aikin da ake ƙirgawa, a wurin da ake ƙirgawa

Biza ta biyu tana buƙatar wata uku, kwana 88, na ƙayyadajjen aiki da ka yi lokacin da kake kan ta farko. Ga mai 417 ayyukan sun haɗa da noma da kiwo, kamun kifi, sarar itace a gandun daji, haƙar ma'adinai da gini, duk a yankunan karkara da gwamnati ta lissafa. Aikin otal da gidan abinci ana ƙirga shi ne kawai a arewacin ƙasar da wurare masu nisa sosai. Jerin mai 462 ya ɗan bambanta, haƙar ma'adinai ba ya ciki, don haka kada ka bi shawarar abokin ɗakinka sai ka tabbata lambar bizarku ɗaya.

Abu biyu ake dubawa tare: irin aikin da lambar yankin ta gidan waya. Tsinkar inabi a Mildura ana ƙirgawa. Ɗaukar ayaba a Tully ko Innisfail, tsinkar tumatir a Bowen, mangwaro a kewayen Katherine, shirya kaya cikin kwali a rumfar gona a Shepparton ko Bundaberg, duk suna ciki. Amma renon yaran manomi a cikin gidan gonarsa ba noma ba ne, ko da kana jin kukan shanu ta taga. Dafa abinci ko shara a sansanin ma'adinai ba haƙar ma'adinai ba ce. Gini a Sidni, Melbon, Birisben ko Fas ba ya ciki. Kafin ka hau bas, ka tambayi mai aikin lambar yankin da gonar take, ka duba ta a shafin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da idonka. Lambar inda za ka tsaya ka yi aikin ake so, ofishin kamfanin yana iya kasancewa a birni.

Dokata ita ce ka fara aikin nan cikin wata uku na farkon isarka. Yawancin waɗanda na ga sun rasa ta biyu sun kwashe wata takwas a Sidni suna aikin shagon shayi, sai da ya rage wata huɗu suka bazama neman gona, suka tarar kakar ta wuce ko layin masu jira ya yi tsawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku: ƙirgar kwanaki

Nan ne nake so ka nutsu. Abin da ma'aikatar ke nema shi ne daidai da abin da cikakken ma'aikaci a wannan sana'a ke yi cikin wata uku, kwana biyar a mako. Idan ka yi cikakken mako, Litinin zuwa Juma'a da cikakkun sa'o'i, ranakun hutunka biyu suna shiga lissafi, mako ya zama kwana bakwai. Shi ya sa mai tsayayyen aiki a gona ɗaya yake gamawa cikin mako goma sha uku.

Matsalar ita ce aikin gona ba ya tafiya haka. Ruwa zai sauka a Tully ran Talata, mai gona ya turo saƙo da asuba cewa yau babu aiki. Laraba ma haka. Ranar da aka zauna saboda ruwa ba a biya ka ba, ba a ƙirga ta. Ran Alhamis a kira ku ku yi awa uku a sallame ku domin 'ya'yan itacen ba su nuna ba, awa uku kuwa ba yinin aiki ba ne. Yaro zai koma masauki ya buɗe kalandar wayarsa ya ga mako ya wuce, ya rubuta bakwai. Jami'in da zai duba takardarsa ba kalanda yake kallo ba, takardar albashi yake kallo, inda aka rubuta sa'o'i 19 a makon. A nan lissafin yake rushewa, kuma mai shi ba zai sani ba sai bayan watanni, lokacin da bizar farko ta ƙare, babu damar komawa gona a cike giɓin.

Wasu kuma suna zaton za su yi wayo ta ɗaya ɓangaren: su yi aiki biyu a yini, safe a wata gona, yamma a wata, su ƙirga kwana biyu. Yini ɗaya kwana ɗaya ne ko awa nawa ka yi. Kuma ba a gama aikin a ƙasa da wata uku na kalanda, komai ƙwazonka.

Ga yadda nake sa kowa ya yi. Ka sayi ƙaramin littafi, kowace yamma ka rubuta kwanan wata, sunan gona, lokacin farawa da tashi, da yawan kwandon da ka cika idan da kwando ake biya. Duk makon da bai cika ba, ka ƙirga ranakun da ka yi cikakken aiki kawai, ka manta da Asabar da Lahadi. Idan lissafinka ya kai 88, ka ƙara kwana goma a kai. Na san jiki ya gaji, bayanka yana ciwo, kowa a masaukin yana haɗa jaka. Ka ƙara. Kwana goma a gona sun fi sauƙi a kan asarar kuɗin biza da ya haura dalar Ostireliya 600, wanda ba a mayarwa idan an ƙi ka.

Mataki na huɗu: takardu tun daga makon farko

Kada ka karɓi kuɗi a hannu. Ko mai aikin ya ce zai ƙara maka wani abu idan ka yarda, ka ce a banki kake so. Tun 2015 ake neman shaidar cewa an biya ka bisa doka, kuma aikin sa-kai don abinci da wurin kwana ba ya shiga, in ban da aikin farfaɗo da yankunan da gobarar daji ko ambaliya ta shafa. Doka ta wajabta wa mai aiki ya ba ka takardar albashi cikin yini ɗaya na aiki bayan ya biya ka. Ka duba ta: sunanka daidai, sunan kamfanin, lambar rajistar kasuwancinsa da ake kira ABN, kwanakin da aka biya, sa'o'i, harajin da aka cire. Kuɗin da ke jikinta ya yi daidai da wanda ya shiga asusunka. Idan ɗan kwangila ne ya kai ka gonar, ABN ɗinsa ne zai fito, to ka rubuta adireshin gonar da kanka ka ajiye.

Idan da kwando ake biya, ka nemi yarjejeniyar a rubuce. Tun Afrilun 2022 masu aikin lambu da ake biya da kwando suna da mafi ƙarancin albashin awa da ba a sauka ƙasa da shi. Takardar da ke nuna an biya ka ƙasa da ƙa'ida tana iya sa jami'i ya yi shakkar ko ka yi cikakken aiki. Mako biyu ba takarda, ka bar wurin, ka kai ƙara ofishin Fair Work Ombudsman, hukumar gwamnati mai kare haƙƙin ma'aikata, kyauta ne.

Akwai masu sayar da kwanaki a Facebook da WhatsApp: ka biya, su ba ka ABN na wata gona da ranakun ƙarya. Ma'aikatar tana tuntuɓar masu gonaki, tana kuma iya soke biza ko bayan ta ba da ita. Takardar jabu ko bayanin ƙarya yana jawo haramcin shekara uku a ƙarƙashin sharaɗin da ake kira 4020, idan kuma a kan ko kai wane ne aka kasa gamsuwa, shekara goma. Kuma tabon yana bin ka zuwa bizar karatu, ta aiki da ta aure.

Mataki na biyar: shigarwa

Ka shigar kafin bizar farko ta ƙare, ka ɗora dukkan takardun albashi da bayanin banki tun farko, kada ka jira a tambaye ka. Ka nuna kana da abin riƙe kai, kimanin dalar Ostireliya 5,000 da kuɗin jirgin fita. Tambayoyin laifi, kora daga wata ƙasa ko wuce wa'adin biza, ka amsa gaskiya ko da abin ya daɗe. Ba a tafiya da yara a kan wannan biza. Wanda ya je gida Kano ko Damagaram ya zauna fiye da wata uku a jere cikin shekaru biyar da suka wuce, ya sa ran za a tura shi hoton ƙirji saboda tarin fuka, ya ware kuɗin asibitin da lokacinsa. Idan kana cikin Ostireliya za a ba ka bizar jira da za ta riƙe ka kafin a yanke hukunci, wadda ke mutuwa da zarar ka fita, don haka ka zauna wuri ɗaya.

Ta uku kuwa wata shida ne, kwana 179, kuma sai wanda ka yi a kan biza ta biyu. Rarar kwanakin shekarar farko ba ta tsallakowa.

Idan an ƙi ka

Ka karanta wasiƙar a ranar da ta zo. Wanda ya nema daga cikin Ostireliya yawanci yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotun bita ta ART, wadda ta maye gurbin tsohuwar kotun AAT a Oktoban 2024. Wa'adin yana cikin wasiƙar, gajere ne, kada ka bari ya wuce ko da yini ɗaya. Idan ba ka ɗaukaka ba, bizar jiranka tana ƙarewa kwana 35 bayan hukuncin, kuma sashe na 48 na dokar shige da fice ya hana ka neman yawancin bizoji daga cikin ƙasar muddin ba ka riƙe da wata cikakkiyar biza. Wanda ya nema daga waje ba shi da wannan kotu, sai dai ya sake nema da sabon kuɗi, idan shekarunsa ba su wuce ba kuma matsalar ta takarda ce da zai iya kawowa. Idan kwanakin ne ba su cika ba, sabon fam ba zai cika su ba. Mai neman taimako ya je wurin lauya ko ejan mai rajista da OMARA, hukumar da ke yi wa ejan-ejan ɗin biza rajista, ya nemi lambar rajistarsa ya duba ta a shafinsu kafin ya biya ko sisi.