Tsokar fara ba ta kwaɗo ba ce: kurakurai wajen auna wutar tsokar ƙwari

Ɗaliban ilimin halittu masu gwajin auna wutar lantarkin da ke cikin tsokar cinyar fara, tuntuɓensu kusan guda ne: abin da suka karanta a kan kwaɗo shi suke ɗora wa ƙwaro.

Tun daga ruwan gishirin da ake jiƙa tsokar aiki ke lalacewa. Wanda ake haɗa wa kwaɗo fotasiyam ɗinsa milimola 2.5 ne a kowace lita, fara kuwa tana son kusan 10, da sodiyam kusan 140. Fotasiyam ne ke riƙe da wutar tsoka idan tana hutawa, wajen milibolt -60. In za ku ƙara shi don ganin yadda wutar ke sauka, ku rage sodiyam daidai abin da kuka ƙara. In ba haka ba ruwan zai yi kauri, ya zuƙe ruwan tsokar ta motse, allurar gilashin da ake sokawa a tsokar don auna wutar ta zame. Kada a haɗa da ruwan burtsatse, yana da nasa gishirin.

Zafi ma ana mantawa da shi. Lissafin Nernst, wanda ke nuna yadda wutar ke sauyawa da yawan fotasiyam, yana ba da milibolt 58 duk lokacin da fotasiyam ya ninka sau goma, amma a zafin digiri 20 na Salshiyas ne. A digiri 35 ya kai 61. A watan Afrilu ruwan farantin da aka jiƙa tsokar a ciki na ƙafewa, gishiri na taruwa, sai a riƙa sabunta shi.

Babban kuskuren shi ne zaton sodiyam ke tayar da wutar lokacin da tsokar za ta motsa. A jijiya haka ne, amma a tsokar ƙwaro kalsiyam ne. Cire shi daga ruwan, ko cika magniziyam, sai jijiya ma ta kasa sakin sinadarin da ke kai wa tsoka saƙonta. Saƙon nan kuma gulutamet ne, ba asetilkolin ba kamar a jikin mutum. Wanda ya ɗiga asetilkolin yana jiran tsoka ta motsa zai daɗe zaune.

Sai inda aka kamo farar. Ku guji gonar masara da aka yi wa feshin tsutsa, domin wasu magungunan suna buɗe ma'ajiyar kalsiyam ta cikin tsoka ta sanƙare. Allura kuma a cika ta da ruwan KCl (gishirin fotasiyam) mai ƙarfin mola 3, a ɗaga ta a haske a tabbatar babu kumfar iska a bakinta kafin a soka.