Yadda ake saka addini da siyasa a littafin yaƙi na almara

Duk wanda ya taso da karatun littattafan yaƙi ya san yadda abun yake tafiya, akwai azzalumin sarki mai bautar gunki, akwai bokansa a kogon dutse yana leƙa ƙwaryar tsafi, sai jarumi ya zo ya sassare kan kowa shikenan a tashi. Ba laifi, an sha daɗinsu. Amma in ka lura addinin mutanen birnin nan ba shi da aikin komai a labarin, ko ka ɗauke gunkin ka ajiye tulu a wajensa babu abinda zai canja. Waɗanda suka iya wannan fannin, tarihi suke shiga su kwaso rigimar da aka taɓa gwabzawa da gaske tsakanin fada da masu riƙe da addini, su canja mata suna su sa mata sabbin kaya. Ga yadda ake yi daki-daki.

Mataki na farko: wa ya ba sarkinka sarauta?

Kafin ka zana taswira ko ka raɗa wa takobi suna, zauna ka amsa wannan tambayar, idan talaka a kasuwar birninka ya ce me yasa wannan mutumin ne sarki ba wani ba, me za a ce masa? Gado ne, ko takobi, ko akwai wani mai ɗakin bauta da sai ya ɗora masa hannu tukuna? Duk wanda yake naɗawa to yana iya warwarewa, kuma anan rikicinka yake kwance.

Kalli abinda ya faru a Turai. Sarkin Jamus Henry na huɗu da Fafaroma Gregory na bakwai sun saɓa akan wa ke da ikon naɗa manyan limaman coci, kuma ba ƙaramar magana bace don limaman nan suna riƙe da ƙasa da haraji har da sojoji, kamar hakimai suke. A 1076 Fafaroma ya kori sarki daga coci ya ce duk wanda ya yi masa mubaya'a ya warware, su kuwa manyan Jamus dama neman hanya suke, sai suka ba shi wa'adin shekara ɗaya ya gyara ko su nemi wani. A watan Janairun 1077 sarki guda ya tsallake duwatsu cikin hunturu ya je ƙofar wani gidan sarauta a Canossa ta Italiya inda Fafaroma ya sauka, ya tsaya kwana uku cikin dusar ƙanƙara da rigar masu tuba ƙafa ba takalmi kafin a buɗe masa. Aka yafe masa. Ka ɗauka ta ƙare ko? A 1084 ya dawo da runduna ya shiga birnin Rum ya ɗora nasa Fafaroman, shi kuwa Gregory a gudun hijira ya mutu a 1085. Wallahi wannan kaɗai ya isa littafi uku, sarkin da ya durƙusa yana ƙunshe da ramuwa a ciki.

Mataki na biyu: bi sawun kuɗi

Anan yawancinmu muke faɗuwa. Ɗakin bautarka wa yake ciyar da shi? Yana da gonaki? Yana karɓar rabo daga amfanin gona? Fada na bin sa bashi ko shi yake bin fada? Rubuta amsar da lissafi ko da ba zaka saka a littafin ba.

A Faransa an yi ƙungiyar mayaƙan coci da ake kira Templar, sun tara dukiya har suna ba sarakuna rance, sarki Philip na huɗu kuma bashi ya yi masa katutu. Ranar Juma'a 13 ga Oktoba 1307 da asuba aka kame su a faɗin ƙasar lokaci ɗaya, aka zarge su da ridda, aka gana musu azaba har suka amsa laifin, a 1314 aka ƙone shugabansu a Paris. Ko a Ingila da Henry na takwas ya ɓalle daga Fafaroma a 1534 kowa maganar aurensa da Fafaroma ya ƙi warwarewa yake, amma daga 1536 ya bi gidajen ibada na masu zuhudu ɗaruruwa ya rufe ya kwashe filayensu ya sayar wa manyan ƙasa, waɗanda suka saya kuma ai ba zasu taɓa yarda a koma gidan jiya ba.

Ba sai ka je nesa ba ma. Littafin tarihin Kano ya kawo labarin Dirki, wani abu da aka naɗe cikin fatu ana yi masa yanka shekara da shekaru. Zamanin Sarki Alwali manyan gari suka zo suna neman shanun Dirki, ya ce shi ba zai ba da shanu arba'in ba, suka ce suna jin tsoron abinda zai same shi, ransa ya ɓaci ya tura samari da gatura suka fasa, sai ga Alƙur'ani a ciki. Mutane suka ce masa yadda ka fitar da shi haka za a fitar da kai daga ƙasar nan, kuma shi ne sarkin da jihadi ya kora daga Kano. Duba yadda shanu arba'in suka haɗa tsoro da kuɗi da mulki a zama ɗaya, irin wannan fagen kake nema, ba dogon bayani ba.

Mataki na uku: ƙirƙiri addinin daga abinda mutane suke yi

Kar ka fara da shafi goma na yadda aka halicci duniyarka, mai karatu zai tsallake. Fara da abinda ake gani: me ake yanka, wace rana ba a zuwa gona, wa aka hana shiga ina, da me ake rantsuwa in ana ciniki, ya ake binne gawa. A labarin Barbushe na dutsen Dala an ce wajen bautar Tsumburbura bishiya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai, mutane su taru da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, ya shiga ya fito ya faɗa musu abinda zai faru a shekarar. Mutum ɗaya ke shiga, shi kaɗai ya san me aka ce a ciki, to siyasa ta riga ta shigo tun kafin a yi sarki.

Shawara ɗaya anan kuma da gaske nake, kar ka ɗauki addinin da mutane suke bi yau ka canja masa harafi biyu ka mayar da mabiyansa miyagun labari. Masu karatu ba yara bane zasu gane, kuma rigimar da zaka janyo wa kanka ta fi littafin girma. Ƙirƙiri naka daga tushe.

Mataki na huɗu: raba gidan biyu, ka sa mai gaskiya a ciki

Babu addinin da mabiyansa suke magana da murya ɗaya. Sai ka samu malaman fada masu cin tuwon sarki, da wani daga gefe mai yagaggiyar riga da yake cewa an lalace a koma asali. Kuskuren da ake yi shine a mayar da kowa mayaudari, limamin ƙarya, bokan ƙarya, kowa cin amana yake. Labari yafi tsoratarwa idan mutumin ya yarda da abinda yake faɗa har cikin ransa, don shi ba a sayensa da kuɗi.

A birnin Florence na Italiya an yi wani mai wa'azi Savonarola. Da aka kori gidan Medici masu mulki a 1494 maganarsa ta zama kamar doka, ya tara yara samari suna bi gida-gida suna karɓar madubi da kayan kwalliya da katin caca da tufafin alfarma, a Fabrairun 1497 aka tara su a dandali aka cinna wuta. Ya zagi Fafaroma Alexander na shida akan ɓarna, kuma ba ƙarya ya yi ba, aka kore shi daga coci. Sai gari ya fara gajiya, aka shirya gwajin shiga wuta tsakanin mabiyinsa da wani abokin hamayya don a ga mai gaskiya, jama'a suka cika dandali tun safe ana ta jayayya akan sharuɗɗa har ruwan sama ya sauko aka fasa, washegari mutanen gari suka far wa gidan ibadarsa. Ranar 23 ga Mayu 1498 aka rataye shi aka ƙone gawar a dandalin da ya ƙona madubai, aka watsa tokar a kogi don kar wani ya ɗiba.

Ka kuma lura da yadda fada take rikicewa in ta ji tsoro. Sarkin Gobir Nafata da ya ga jama'ar Shehu Usmanu na yawa sai ya hana rawani da lulluɓi ya taƙaita wa'azi, dokar da aka yi don rage su ita ta ƙara fito da su fili, zuwa 1804 an yi hijira daga Degel zuwa Gudu, 1808 Alkalawa babban birnin Gobir ta faɗi. Sarkinka ma bari ya yi irin wannan dokar yana ganin dabara ce.

Mataki na biyar: duba da faɗar gaibu

In zaka sa boka ya faɗi abinda zai faru, sa maganar ta zama mai fuska biyu. An ce sarki Croesus na Lidiya ya aika wajen masu duba na Delphi a ƙasar Girka, aka ce masa in ya yaƙi Farisa zai rushe babbar daula, ya fita da murna, ashe tasa ce. Sannan tambayi kanka wa yake fassara maganar kuma me zai samu.

Mataki na shida: gauraya ka ɓatar da sawu

Kar ka kwafi tarihi ɗaya sukutum. Wanda ya rubuta littattafan da aka yi shirin talabijin na Game of Thrones da su, George R. R. Martin, bai ɓoye ba cewa ya ɗebo daga yaƙin basasar Ingila da aka fara a 1455 tsakanin gidan York da gidan Lancaster, kisan da aka yi a wajen wani bikin aure a labarin da ya girgiza masu kallo kuma ya haɗo shi ne daga abubuwa biyu na Scotland, liyafar 1440 da aka gayyaci wani matashin basarake da ƙaninsa aka kashe su, da kisan Glencoe na 1692 inda baƙi suka kashe masu masaukinsu. Tsakaninsu shekara sama da 250 amma a littafi dare ɗaya ne.

Kai ma ɗauki takarda ka ja layi uku. Na farko rubuta rigimar tsirara ba suna, misali sarki na bin ɗakin bauta bashi ko ɗakin bauta na bin sarki. Na biyu ɗauko fage daga wani zamani daban, tsayuwar kwana uku a ƙofa, ko fasa abin bauta da gatari. Na uku canja ƙasa da yanayi, in babu dusar ƙanƙara a duniyarka to ya tsaya a ranar bazara kan yashi mai zafi ba rawani, talakawansa na kallo ta saman katanga.

Mataki na ƙarshe: rubuta washegarin nasara

Yawanci ana rufe littafi ranar da aka ci birni, alhali nan ne daɗin yake. Wa zai zama alƙali, wa zai riƙe baitulmali, harajin da aka yi yaƙi akansa za a soke ko suna kawai za a canja masa? Ko Malam Abdullahi na Gwandu sai da ransa ya ɓaci da yadda ya ga wasu sun karkata ga dukiya da muƙami tun ana cikin jihadi, har ya bar runduna da niyyar tafiya gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi ya zauna ya rubuta musu littafi akan yadda ake mulki. Saka mutum irin wannan a cikin tawagar jaruminka tun babi na farko, ka ba shi baki ya yi magana, sannan in ka gama rubutun koma ka cire addinin daga babi ɗaya ka karanta, in babin ya tafi lafiya ba tare da shi ba to koma mataki na biyu ka sake lissafin shanun.