Kurakuran da aka fi yi wajen auna ƙarfin motocin shiga daji

Duk inda gardamar mota ta kaure, a gareji ko a tasha, ba a jimawa sai ka ji wani ya ce: "Ai Hilux ba ta mutuwa." Wani ya ce Land Cruiser ce uwa, mai Nissan Patrol kuma ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kowa da hujjarsa. Sai dai na sha ganin wanda ya zuba gumin shekaru a kan irin wannan zance, damina ɗaya ta mai da motarsa 'yar zaman gareji. Abin yana ci mini rai, don mafi yawansu ba gayu ya kai su ba. Manoma ne masu fito da amfanin gona, da masu haƙar rijiyar burtsatse, da 'yan kwangila, da asibitocin karkara masu neman abin ɗauko mara lafiya daga ƙauye.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne sayen suna. Sunan dai ba a banza ya zo ba. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki tankokin yaƙin Libiya a Fada da Wadi Dum a kan motocin Toyota a-kori-kura, har duniya ta sa wa yaƙin sunan kamfanin. Yau ma wanda zai ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku bayan irinsu yake hawa. Amma Hilux tun 1968 ake ƙera ta, kuma abin da ke cikin ta yau ba shi ne cikin ta shekara talatin da suka wuce ba. Haka Patrol: samfurin Y61 da ya fito a 1997, akwai mai injin TD42 da direbobi ke rantsuwa da shi, akwai mai ZD30 wanda rukunin farkonsa ya yi ƙaurin suna wajen ƙona fistin. Bodi ɗaya, suna ɗaya, hali daban. Don haka idan dillali ya fara zuba maka kirari, ka ce ya buɗe bonet. Wane inji ne, na wace shekara, kuma wace ƙasa aka ƙera motar dominta?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mutane suka fi tsallakewa, ita ce kuma ta fi cin kuɗi. Ɗauki injin 1HZ da ake sa wa Land Cruiser 70 tun 1990. Lita 4.2 ne, silinda shida, ba shi da tobo, famfon mansa na ƙarfe ne zalla ba ruwansa da kwamfuta. Ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, kuma a hawan tudu da kaya nawa gare shi. Injin 2.8 na sababbin Hilux ya haura doki 200. A takarda babu haɗi. To amma sabon injin yana feso gas ne da matsin da ya ninka iskar tayar mota sama da sau 500, ta ramukan nozul masu sirantakar gashin kai. Ruwa kaɗan ko ƙasa a cikin man ya isa ya cinye nozul da famfo, kuma ba gyaran gindin bishiya ba ne. Tsohon injin zai yi tari, ya yi hayaƙi, ya kai ka gida. Idan motar daga Turai ta zo, akwai ƙarin matsala: a salansarta akwai matatar hayaƙi da aka yi wa gas mai tsabta ƙwarai, mai ƙarancin sinadarin salfa. Ka riƙa ba ta man jarka na 'yan bumburutu, matatar za ta toshe, kwamfuta ta rage mata ƙarfi a tsakiyar hanya.

Ba cewa nake sabon inji ba shi da kyau ba. Ya fi ja, ya fi tattalin mai. Ka dai tambayi kanka tsakani da Allah: ina zan riƙa shan mai? In a gidan mai amintacce ne, bismillah. In aikinka a daji yake inda sai duro da jarka, to ka nemi inji mai sauƙin hali, ko ka ɗauki mai fetur irin 2.7 da ya cika Najeriya, ka haƙura da shan man da yake yi. Kowanne ka zaɓa, ka tace gas kafin ya shiga tanki, ka riƙa kwance ƙasan filta kana zubar da ruwan da ya kwanta, kada ka jira fitilar gargaɗi ta kama.

Wani ruɗanin kuma, duk mota mai tsayi a wurinmu jif ce. RAV4 da Highlander da CR-V, ko da an rubuta AWD a bayansu, wato masu ja da tayoyi huɗu, motocin iyali ne. Ba su da shasi daban da bodi, ba su da ƙaramar giyar taimako. Leƙa ƙarƙashi: in ba ka ga dogayen ƙarafa biyu kamar tsani daga gaba har baya ba, in kuma babu 4L, alamar ƙaramar giyar taimako, a jikin giya ko maɓalli, kada ka sa ta aikin jaki.

Sai maganar lodi, wadda ita ce ta fi kashe motoci masu ƙarfi a ƙasarmu. Hilux da takwarorinta irin su L200 da D-Max da Ranger, abin da aka ƙera su su ɗauka kusan tan ɗaya ne. Mutane suna jin haka sai su ce buhu goma ke nan. A'a. Wannan tan ɗin ya haɗa da direba da fasinja da duk ƙarfen da ka liƙa mata. Yi lissafi da mai ƙofa huɗu: ƙarti biyar a ciki, kilo 350 ya tafi. Duro biyu na gas a baya, wani 350 ɗin. Abin da ya rage maka buhun masara uku ne kacal. Mu kuwa sai a jera goma sha biyar, yaran mota su ɗare sama.

Na taɓa tsayawa a kan wata mai ƙofa huɗu a gareji, sabuwa ce kusan, ledar kujera ma ba a gama cirewa ba. Bakaniken ya kira ni ya ce: "Malam, tsaya ta gefe ka duba." Ratar da ke tsakanin kan motar da akwatin baya ta buɗe daga sama, har tafin hannuna ya shige, daga ƙasa kuwa a matse. Muka durƙusa, ya haska fitilar waya: shasin ya lanƙwashe, fentin wurin ya tsattsage kamar busasshiyar laka. Mai motar tankin ruwa ya ɗora can ƙarshen baya, ya faɗa kwazazzabo da gudu. Dalilin a fili yake. A mai ƙofa huɗu, yawancin akwatin a bayan tayoyin baya yake, saboda haka duk nauyin da ka tura ƙarshe yana danna shasi kamar mai karya rake a gwiwa. Abin da ya fi ba ni takaici, mai motar ya riga ya ƙara mata sifirin, yana ganin ya yi maganin abin. Ƙarin sifirin yana hana gindin mota zama ne kawai. Bai ƙara wa aksil ƙarfi ba, bai ƙara wa boris ba, bai ƙara wa birki ba. Kaya mai nauyi a matso da shi jikin kan mota. In kuwa kullum aikinka ya fi tan ɗaya, mai ƙofa biyu za ka nema, ko Land Cruiser 79, ko ma ka sayi Canter ka huta.

Akwai kuma waɗanda suke kashe giyar taimako da hannunsu, sannan su ce motar ce ba ta da ƙwari. Yawancin a-kori-kura, in ka sa 4H, wato babbar giyar taimako, tayoyin gaba da na baya suna ɗaure ne su juya tare. A yashi ko taɓo babu laifi, don ƙasa tana barin taya ta ɗan zame. A busasshiyar kwalta kuwa, kana shan kwana tayoyin gaba suna cin tafiya fiye da na baya, ƙarafan ciki su yi ta murɗe juna. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, taya tana kuka, giyar ta ƙi fita. In haka ta faru, ka ja da baya kaɗan a miƙe, za ta saki. Ita 4L sai an tsaya cak ake sa ta. Tsofaffin motoci masu makulli a cibiyar tayoyin gaba kuma, a sauko a murɗa shi tun kafin a shiga taɓo. Barin taimakon ba a amfani da shi ma illa ne. Littafin Toyota na wasu motocin ya ce a yi tafiyar kilomita 16 da shi duk wata don mai ya zagaya. Hanyar burji ta wadatar.

Sau da yawa abin da ake kira ƙarfin mota, ƙarfin taya ne. Mota ta kafe a rairayi da iska 50 a taya, a ce ba ta da ja, alhali da an sauke iskar zuwa wajen 20 da ta wuce abinta, a sake bugawa in an hau kwalta. Ka duba lambobi huɗu na gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya mai kyan ido ita ke fashewa a zafin bazara. Ruwa ma haka. Hilux an ƙayyade mata zurfin santimita 70, kuma doguwar butar shan iskar da ake sa wa a gefe injin kaɗai take karewa. Duk ranar da ka ratsa rafi, ka sa a kwance man aksil a gani. In ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a canja shi ranar.

Masu sayen 'yar Kwatano, ku ji wannan. Ba a sayar da Hilux a Amurka, Tacoma da Tundra ake yi musu. A jihohin da ƙanƙara ke zuba ana watsa gishiri a titi, gishirin ya ci shasi ta ciki. Abin ya kai a 2016 Toyota ta amince da sulhun da aka ƙiyasta a dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasin Tacoma na 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Ka shiga da ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa ƙarfen, musamman inda sifirin ya kama. Lafiyayye yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe sai ka ji shi dum, ɓarɓashi na zubo maka a fuska.

Kuskuren da nake so a fi kiyayewa shi ne auna mota ita kaɗai, a manta da garin da za ta zauna. A tsaunin Mambila har yanzu tsofaffin Land Rover ne ke hawa da sauka da kaya, motocin da a wasu wurare an daɗe da yi musu ritaya, saboda makanikan can sun san kowace ƙusa ta jikinsu. Sabuwar Land Rover Defender ta 2020, wadda ta gaji tsohuwar da aka daina ƙerawa a Janairun 2016, ta fi su komai a takarda, amma in ta tsaya a bayan Gembu, babban garin tsaunin, sai an nemo kwamfuta daga birni. Kafin ka biya kuɗi, rubuta kaya biyar: kuloci, nozul, famfon ruwa, boris ɗin taya, da shokazoba. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar da ta fi kusa da wurin aikinka, ka tambayi kuɗin kowanne da ko akwai shi a shago yau. Sannan ka je wa bakaniken da zai riƙa taɓa ta, ka tambaye shi sau nawa ya taɓa sauke irin wannan injin ya mayar.